Gurbin Malama

Kada ka kuskura ka kai wa Mai Katifa katifarka gyara in kana da abin ɓoyewa. Mutumin nan ba ya tambaya. Zai jingine ta a bango, ya farke rigarta, ya bi soson da tafin hannu daga sama har ƙasa, shi ke nan ya gama karanta gidanka. Wanda yake kwana shi kaɗai, gurbinsa ɗaya ne a tsakiya. Miji da matar da suka daɗe da juya wa juna baya, gurbi biyu ne can gefe da gefe, tsakiya ta yi tudu kamar ba a taɓa hawanta ba. Masu zaman daɗi kuwa, tasu a tsakiya take lotsawa, ta yi faɗi, kowa ya gangaro wajen ɗan'uwansa. Amma fa bakinsa da nauyi a kan wannan. Iyaka ya ce, "Za ta gyaru," ya jawo almakashi.

Shagon nasa a ƙarƙashin wani tsohon bene yake, bango ɗaya da na Kafinta, abokinsa na tun ƙuruciya. Kafinta ya haɗa gado, shi ya yi masa abin ɗorawa. Kullum warin gam, kullum ɓurɓushin soso a gemu da gira, ga wani tsohon keken ɗinki da sai an lallashe shi yake tafiya. Ban da sana'a, abu ɗaya Allah ya hore masa, wato zolaya. Ko taron makoki ya shiga sai wani ya toshe baki da hannun riga.

Da wannan bakin ya samu matarsa. Tana sabuwar malamar firamare ta tsaya sayen filo, ta latsa wannan ta ce ya yi tauri, ta latsa wancan ta ce ya fi na farkon. Ya ce, "Malama, kan da yake ɗauke da ilimin aji guda ai ba a ɗora shi a kan abu mai laushi, nutsewa zai yi." Ba wata magana ba ce ta a zo a gani, amma yarinyar nan ta tuntsire da dariya har sai da ta zauna a kan tarin soso. Irin dariyar nan ce da kafaɗu ke rawa, hawaye ya zubo, mutum yana dukan cinya yana cewa a bar shi haka. Tun daga ranar bai sake kiranta da wani suna ba sai Malama, ita kuma da 'ya'ya suka zo ta koma kiransa Baban Auta.

Katifar aurensu da hannunsa ya yi ta. Ya sha canza mata riga, amma soson bai taɓa yarda an taɓa shi ba. Ta lotsa a tsakiya yadda yake so, da wani ɗan gurbi daga hagu daidai inda ƙugun Malama yake sauka. Ko a duhu zai iya kai hannu wurin ba tare da lalube ba.

Ciwon da sanɗa ya shigo. Wata rana idonta ɗaya ya yi dishi-dishi, bayan 'yan makonni ya washe. Can kuma ƙafar dama ta yi nauyi, kamar an ɗaura mata bulo. Ciwon ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. An sha yawon asibiti kafin wani likitan jijiya ya kira abin da dogon sunansa, maltiful sikilarosis. Ya ce garkuwar jikinta ce ta rikice take cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, shi ya sa saƙo yake makara a hanya, wani ma ya ɓata gaba ɗaya. Mai Katifa ya ce a ransa, ashe har jijiya riga gare ta, kuma wannan rigar ba ta shiga keke. Suka karɓi magani. Malama ta ci gaba da koyarwa da sanda a hannu har sai da tsayuwar gaban allo ta gagare ta. Duk wannan sun ɗauka tare, da dariyarsu. Sandar ma suna ya sa mata, wai Hedimasta.

Abin da ya raba su bai kai ƙafa girma ba a idon mutane, don ba wanda yake ganinsa. Fitsari ne. Sai ya taso mata ba sallama, kafin ta lalubo sanda ta miƙe ya riga ta. Wata safiya ya farka ya ji gefen rigarsa da sanyi. Malama tana tsaye a bakin gado, ta tattare zanin gado ta rungume, idonta a ƙasa.

Ya buɗe baki zai yi abin da ya saba. Ta ce, "Baban Auta, don Allah kada ka ce komai."

Bai ce ba. Ya fitar da katifar rana, ya wanke, ya shanya, ya mayar. Da yamma ya dawo ya tarar ta kwashe filonta ta koma ɗakin Auta, wanda ya zama kango tun da yarinyar ta tafi makarantar kwana. Ɗakin yana manne da banɗaki, da 'yar siririyar katifa ta mutum ɗaya. Ta ce wai ɗakinsu ya cika zafi, kuma zafi yana tayar mata da ciwo. Gaskiya ne zafi yana tayar mata da ciwo. Amma ɗakin Auta ko taga mai kirki babu.

Daga nan Malama ta shiga rage kanta. Ta daina shan ruwa sai ta jiƙa maƙogwaro, wai kada mara ta cika. Sai ciki ya ɗaure, ta yi kwanaki ba ta zagaya ba, tana yini a dafe da ciki, fuska a murtuke. Ta daina zuwa gidan ƙanwarta saboda banɗakinsu yana can ƙarshen tsakar gida. Abin da ya fi ci masa rai shi ne dariyar. In ya kawo labarin shago, ya kwaikwayi tafiyar Kafinta, sai ta cije leɓe ta kawar da kai, ta matse ƙafafu. Da farko ya ɗauka labarin ne ya yi lami. Daga baya ya gane tsoron dariyar take yi, don in ta sake ta, ba dariyar kaɗai ke fitowa ba. Sai shi ma ya koyi shigowa gida da baki a rufe, kamar baƙo.

Ya yi kewar matar nan, wallahi, alhali bango ɗaya ne tsakaninsu. Ba ma abin da mutane za su fara kawowa a rai ba, ko da yake har da shi, ba ƙarya. Nauyinta yake kewa. Yadda in ta juya, katifar take gaya masa. Sanyin tafin ƙafarta da take cusawa a ƙwaurinsa yana mita. Hirar da ba ta da kai, wadda ake yi ido a rufe har ɗaya ya daina amsawa.

To, mai sana'a da sana'arsa yake tunani, nan ya tafka kuskurensa. Ya samo leda mai kauri, ya farke rigar katifar, ya shimfiɗa ledar a ɓangaren Malama, ya ɗinke tsaf yadda ido ba zai gani ba. Ya yi ta murna da dabararsa. Ran nan da hantsi ya ce ta zo ta taya shi duba sabuwar rigar da ya sa. Ta dogaro sanda ta shigo, ta yaba yadin, ta zauna a bakin gado.

Ledar ta ce ƙaras.

Ta ɗan motsa, ta sake cewa ƙaras. Malama ta kai hannu ɓangarensa ta latsa, shiru. Ta dawo da hannun nata ɓangaren. Ta daɗe tana kallon wurin kafin ta ce, "Irin wadda muka sa wa Auta tana jaririya." Ta miƙe da ƙyar ta fita. Bai bi ta ba, don bai san da wane baki zai bi ta ba. A ranar ya farke ɗinkin ya cire ledar ya jefa a shara, amma aikin gama ya gama.

Shi soso yana da wani hali da duk mai katifa ya sani: in aka daɗe ba a hau shi ba, a hankali yake tasowa. Kowace safiya in zai gyara gado sai ya shafa gurbin Malama, kuma hannunsa ba ya yi masa ƙarya. Yana cikewa. Ya daina juya katifar, shi da yake yi wa masu saye faɗa a kan rashin juyawa. Har ya taɓa tunanin ya ɗora buhun auduga a wurin, sai ya ji kunyar kansa. Kafinta ya lura abokinsa ya yi sanyi, ya tambaye shi ko jikin Malama ne. Ya ce, "Da sauƙi." Me zai ce? Wannan ba maganar bakin shago ba ce.

A asibiti ma hakan take. Duk zuwa likita zai duba ido, ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya sa ta taka daga nan zuwa can, sannan ya ce, "Akwai wata damuwa?" Malama ta ce, "Lafiya lau." Mai Katifa ya gyaɗa kai. Su fito da takardar magani da damuwarsu cik.

Sai wani zuwa da aka tura su ɗakin wata nas da aka kawo sashen, babbar mace mai tabarau a kan hanci, kowa Sista yake ce mata. Mai Katifa zai tsaya a waje ta ce, "Malam, shigo, da kai za a yi." Ta rufe ƙofa, ta jawo kujera ta zauna kusa da su, ba bayan tebur ba.

"Malama, yaya fitsari?"

"Lafiya lau."

"Bayan gida fa?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Sista ta sauke tabarau. "Malama, mun gaisa tun a bakin ƙofa. Wannan ba gaisuwa ba ce. Ciwon nan naki yawancin masu shi yana taɓa musu mara da hanji, kuma kusan kowa lafiya lau yake ce mini, leɓe a bushe kamar naki." Malama ta sunkuyar da kai. Sista ba ta matsa ba, ta juya wajen mijin. "To Malam, bari in tambaye ka kai. Yaya shimfiɗa?"

Kowa ya san abin da ake nufi in an ce wa magidanci yaya shimfiɗa. Kowa, ban da mutumin da ya yi shekara da shekaru shimfiɗa ce abincinsa, kuma ba abin da ke cin ransa sai ita. Ya gyara zama ya ce, "Ai Sista, ta wannan fannin kada ki damu, da hannuna na yi ta. Soso ne mai inci takwas, na da, ba irin na yanzu da ke mutuwa a shekara ba. Matsalar dai ɓangare ɗaya ne yake tasowa, saboda..."

Bai ƙarasa ba. Wani sauti ya fito daga Malama, kamar tukunya ta fara tafasa. Ta toshe baki, ta cije, ina! Dariyar ta ƙwace. Kafaɗu suka hau rawa, hawaye ya zubo, tana dukan cinya tana cewa, "Inci takwas! Wayyo Allah, Baban Auta, inci takwas!" Sai a lokacin ya gane, kunya ta rufe shi har kunne. Amma ko a jikinsa, don rabonsa da jin wannan sautin har ya manta. Ya zuba mata ido kamar mai ƙishi.

Dariyar ta tsaya cak. Malama ta dubi ƙasa. Zaninta ya jiƙe, har ya ɗiga a kan siminti.

Sista ko gezau. Ta miƙe ta buɗe kabad, ta ɗauko tawul da wani zane mai tsabta, ta nuna mata ƙofar banɗaki a kusurwar ɗakin. "Shi ya sa na zaɓi ɗakin nan. Ki kintsa ki dawo, yanzu muka fara magana."

Da ta dawo, bakin ya buɗe. Ba mijin take kallo ba, bango take kallo, amma da shi take. Ta faɗi ruwan da ta hana kanta, da kwanakin da take yi ciki a ɗaure. Ta ce daga cibiya zuwa gwiwa wani lokacin kamar jikin wata ne aka ara mata, ko an taɓa ba ta ji, wani lokacin kuma zane ma ƙuna yake yi mata. Ta ce, "Ina tsoron ya matso in jiƙa shi. Ina tsoron ya taɓa ni in kasa jin komai, ya gani a fuskata. Gara ya tuna ni yadda nake da."

Mai Katifa ya ce, "Ni ban gama da ke ba balle in koma tunawa."

Sista ta bar su suka numfasa, sannan ta shiga bayani dalla-dalla, kamar mai koya girki. Ruwa dai a sha shi, don ƙarancinsa ne yake sa fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mara, ya kuma ɗaure ciki. A sha da rana, a sassauta in yamma ta yi, a rage shayi mai ƙarfi. Kada ta jira sai ya matsa, ta riƙa zagayawa a kan lokaci. Ta sa aka yi mata hoton mara, aka ga ba ta juyewa duka, shi ya sa take cika da wuri. Ta nuna mata wata siririyar roba mai laushi da za ta koya mata sawa da kanta ta zubar da ragowar, ta ce likita zai duba ko a ƙara da maganin da ke kwantar da mara. Hanji kuma a yi masa lokaci guda, bayan karin kumallo da abu mai ɗumi, ga ganye da 'ya'yan itace, a ɗora ƙafa a kan 'yar kujera in an zauna.

"Batun shimfiɗa kuma," ta dubi Mai Katifa ta saman tabarau, "ba ta inci takwas ba." Malama ta sake ƙyalƙyalewa, wannan karon a hankali. "Ta fara zagayawa tukuna. Ku zaɓi lokacin da take da ƙarfi, ba sai ta gaji liƙis ba. Akwai man da ake sawa in da bushewa. Ƙafar da ke sanƙarewa a tallafe ta da filo. Kuma jiki ya canza taswira, sai kun sake neman inda yake ji. Ba gaggawa, ba kuma dole sai an kai ko'ina ba."

Filo! Ai nan aka zo gidansa. Washegari ya yanka guda biyu, dogo na ƙarƙashin gwiwa da ɗan gajere na tsakanin ƙafafu. Ya sa Kafinta ya haɗa masa 'yar kujera. Kafinta ya ce ta mene ce wannan guntuwa haka? Ya ce ta Hedimasta ce, ita ma tana son zama.

Abubuwa suka fara daidaita, ba duka ba. Robar ta ba Malama wuya da farko, har ta yi kuka ta ce ba za ta iya ba, ta koma wajen Sista aka sake nuna mata. Akwai ranakun da har yanzu fitsarin yake riga ta. Amma leɓenta ya daina tsagewa, ta je gidan ƙanwarta ta yini, kuma in ya kwaikwayi Kafinta tana bari dariyar ta fito. Filon nan biyu kuwa suna kan gado a jere, ba wanda ya taɓa su. Ba ta dawo ba. Shi kuma ya riga ya koyi darasi, bai sake kiranta duba yadi ba. Sai dai ya shafa gurbin da safe, ya ji saura ƙiris, ya tafi shago.

Wata safiya da ba ya fita aiki, an yi ruwa garin ya yi sanyi, yana kishingiɗe yana sauraron rediyo, sai ya ji ƙwas, ƙwas, Hedimasta tana tahowa. Ta tsaya a bakin ƙofa da filonta a hammata da tawul a ninke, nata, wanda ta zaɓa da kanta.

"Ka cire ledar nan?"

"Tun ranar."

"In ta jiƙe fa?"

"Malama, mijinki mai katifa ne. Wanki da shanya ai ba a fi ni ba."

Ta jingine sandar, ta shimfiɗa tawul ɗin, ta hau a hankali. Ya tura mata dogon filon ƙarƙashin gwiwa. Ta motsa hagu, ta motsa dama, tana neman wani abu da ƙugunta.

"Ina wurina?"

"Ya tashi," ya ce. "Na yi iya yina, ya ƙi jira."

Ta ɗaga ido ta kalli silin. Can ta kamo hannunsa, hannun nan mai kanta da tabon basilla, ta ɗora a kan cinyarta. Ya latsa yadda ya saba.

"Kai, ba soso ba ne, a hankali." Ta rufe ido tana saurare. "Nan ba na ji."

Ta matsar da hannun zuwa ƙugu, daidai wurin da ya fi sani a duniya. Ya jira. Ta girgiza kai. Bai janye ba. Ta hau da hannun ta haƙarƙari, ta kafaɗa, tana cewa nan kaɗan, nan babu, nan kamar ta cikin bargo. Rediyo yana ta surutunsa ba mai ji. Da yatsunsa suka kai gefen wuyanta, ƙasan kunne, wurin da bai taɓa kula da shi ba duk tsawon zamansu, sai ya ji ta ja numfashi, nauyinta ya saku a kan katifar, soson ya karɓe ta.

"Nan," ta ce. "Tsaya nan, Baban Auta. Kada ka ɗauke."